Kashi na Arba'in da Ɗaya

Shirin ya tsaya a kashi na arba'in.
Kyaftin ya ɗora hannu a kan wata ƙofa
can bayan taurari bakwai,
sai allon ya cika da tsaki.
Muka ce wuta ce.
Ba wuta ba ce.
Laraba ta zo, ta sake zuwa,
aka sa mana noman rani a gurbinsa.

Shekarata tara. Gwammaja, gidan Alhaji Mamuda,
talabijin mai ƙafa huɗu da ƙyaure kamar kwaba.
Mu ashirin, wasu a tabarma, wasu ta taga.
Turancin bai taɓa shiga kunnenmu ba,
mu muka raɗa musu suna:
Kyaftin Mai Ƙeya,
Gwangwani mai magana ta hanci,
da matar da ba ta ƙifta ido, Uwar Madubi.

Yau furfura ta cinye rabin gemuna,
ƙofar nan tana nan a rufe.

Tasi'u ne ya tado zancen, mai gyaran firji a Fagge.
Ya ce, "Masu rijiya sun haƙa rabi sun tafi.
Mu da ke jin ƙishi, wa muke jira?"

A bayan shagonsa muka ƙera jirgin.
Murfin injin wanki ya zama tagar hango Zara,
kan adaidaita-sahu ya zama abin tuƙi,
muka jera ƙwayayen fitilar biki
da madannan matattun rediyoyi daga Sabon Gari.
Koren yadi biyar daga Kwari,
Balaraba ta taya har mai shagon ya yi rantsuwa.
Ita ta ɗinka rigunan.
Kafaɗar hagu ta fi ta dama tsini,
ta ce haka na asalin yake.
Ba mai hoto a cikinmu, muka bar ta.

Wata biyu ba ma gaisawa da Lawandi
a kan abin da ke bayan ƙofar.
Shi ya ce kabari ne. Tasi'u ya ce teku.
Ni na ce ban sani ba,
suka haɗu suka ce ni ne matsalar.

Mun hau Dala da sanyin safiya
don jan dutsen ya zama wata duniya.
Akuya ta ratsa ta bayan Gwangwani.
Ba mu yanke ta ba.
Wa ya je can ya dawo ya ce babu akuya?

Nazifi ɗan Tasi'u ne mai ɗauka,
da wayar da gilashinta ya tsage biyu.
Bai taɓa ganin shirin ba.
Rannan ya ce, "Baba, da gaske ya yi kyau?"
Janareta ce kawai ta ba shi amsa.

Ni aka ba Kyaftin, saboda ƙeyata.
Ran ƙarshe na tsaya gaban ƙyauren firji
da muka shafe da fentin azurfa,
hannuna na rawa, ba da wasa ba.
Na tuna Sagiru mai zama kusa da ni,
wanda ya ce zai tashe ni in ƙofar ta buɗe.
Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa.

Na ja.

Ba mu shirya komai a baya ba,
bangon langa-langa ne da wani ɓuli.
A ɓulin kuwa idanu,
yaran layin, sun taka juna suna leƙe.
Nazifi bai sauke wayar ba.
Lawandi ya juya yana gyara hularsa,
ya daɗe yana gyarawa.

Wata yarinya mai giɓi ta ce,
"Kawu, gobe akwai?"

Na dubi Tasi'u.
Tasi'u yana duban ƙyauren,
don mai firjin ya ce ran Litinin zai zo ɗauka.